Dutsen Yulong: ƙanƙara na narkewa, layin tikiti na ƙara tsawo

Duk wanda ya sauka a birnin Lijiang na lardin Yunnan, a kudu maso yammacin ƙasar Sin, kafin ya ajiye jakarsa a masauki sai an tallata masa Dutsen Yulong. Direban tasi zai tallata masa, mai masauki zai tallata masa, kowane shagon shirya tafiye-tafiye da hoton dutsen a ƙofarsa. In gari ya yi garau ma ba sai an yi maka talla ba. Ɗaga kai kawai ka dubi arewa, ga shi can a tsaye, ƙololuwa 13 a jere, sama fari fat, ƙasa baƙi ƙirin. Mafi tsayi cikinsu, wadda ake kira Shanzidou, ta kai mita 5,596. Miliyoyin mutane ke zuwa duk shekara, akasarinsu Sinawa ne, kuma abin da ke jan mafi yawansu shi ne su shiga motar igiya ta lula da su sama su ga ƙanƙarar da ta shekara dubbai a kwance, rani da damina.

Sai dai ƙanƙarar nan tana ƙarewa, kuma dutsen yana da masu shi tun kafin a ƙirƙiro tikiti. Ra'ayina a kan wannan lamari bai da kwana-kwana. Ban goyi bayan a rufe dutsen ba, domin rufewar ba za ta hana ƙanƙarar narkewa ba, sai dai ta toshe wa talakawa hanyar cin abinci. Amma yadda ake cinikinsa a yau akwai rashin ta-ido a ciki, kuma waɗanda ya kamata su ce "nan ne iyaka" su ne aka fi mayarwa 'yan kallo.

Mutanen su ne 'yan ƙabilar Naxi. Ba su da yawa, sun ɗan haura dubu 300, kuma Lijiang ce cibiyarsu. A addininsu na gargajiya dutsen nan shi ne Sanduo, majiɓincin ƙabilar, wanda suke siffantawa da jarumi a kan farin doki, da farin sulke da farin mashi. Kowace shekara, ranar 8 ga wata na biyu a kalandar gargajiyar Sin, suna yi masa biki, suna taruwa a tsohon ɗakin bautarsa da ke yankin Baisha a gindin dutsen. Malaman addinin nasu ana ce musu Dongba, kuma suna da rubutu na kansu na zane-zane, irin wanda za ka ga hoton tsuntsu ko na tsauni a matsayin kalma. A shekarar 2003 UNESCO ta sa tsofaffin littattafan Dongba cikin kundin abubuwan tarihin da duniya ba ta so a manta da su.

Cikin waɗannan littattafai akwai wani labari da ya fi komai jan hankalina. Suna cewa ɗan Adam da Shu 'yan uba ne, uba ɗaya uwa kowa da tasa. Shu shi ne mai daji, ana zana shi da kan mutum da wutsiyar maciji. Da aka raba gado, mutum ya sami gona da gida da dabbobin gida, Shu ya sami duwatsu da kurmi da maɓuɓɓugan ruwa da namun daji. Sai mutum ya fara zarme. Ya sare itace ba lissafi, ya ƙazantar da ruwa, ya kashe naman da bai da buƙatarsa. Shu ya fusata ya aiko da cuta da bala'i, har sai da aka shiga tsakani aka yi sulhu a kan cewa mutum zai iya ɗiba, amma daidai buƙata, kuma abin da ya ɗiba bashi ne a kansa. Don haka Naxi suke da wata hidima ta musamman ta biyan bashin daji. Ni Musulmi ne, ban yarda akwai wani Shu ba. Amma na yarda da lissafin, domin ko a wajenmu an san cin bashi da daɗi, ranar biya ce da wuya.

Kuma ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A tsohon garin Lijiang har yanzu akwai rijiyoyin da aka gina da baki uku a jere, ruwa na gangarowa daga ɗaya zuwa ɗaya. Na farko na sha ne, na biyu na wanke ganye da kayan miya, na uku na wanki. Na tsaya na kalli wata tsohuwa sanye da shuɗin tufafin Naxi tana ɗauraye kabeji a na tsakiya, ba ɗan sanda, ba mai gadi, amma ko kusa da na farkon ba ta kai hannunta ba. Mutanen da suka tsara ruwansu haka ba sa buƙatar wani ya zo daga Beijing ko daga Turai ya koya musu kare muhalli.

Yanzu ga yadda hawan yake. Lijiang kanta tana kan tudu mai kimanin mita 2,400. Da asuba ake fita. In an isa yankin kowa zai bar motarsa a wurin ajiye motoci ya shiga safar hukuma, ta kai shi tashar motar igiya da ke sama da mita 3,300. Motar igiyar wani akwati ne na gilashi da ke rataye a jikin wayar ƙarfe, cikin 'yan mintoci ta direka a mita 4,506. Daga nan akwai matakalar katako da ta miƙe har mita 4,680, inda aka kafa dutse mai ɗauke da lambar, kowa na layi don ya ɗauki hoto da shi. Kusan kowa sanye yake da doguwar rigar sanyi ta haya, masu kala ɗaya, kuma kusan kowa riƙe yake da gwangwanin iskar oksijin mai kama da na maganin sauro. Taku goma, a tsaya, a danna gwangwani a hanci, fuuu, a ci gaba. A wannan tsayi iskar da ke shiga ƙirjinka ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda ake samu a bakin teku ba. Na ga wani matashi zaune a kan matakala, leɓɓansa sun yi shuɗi, budurwarsa na jan hannunsa wai ya daure saura kaɗan a kai wajen hoton. Can gefe kuma ga ƙanƙarar da aka zo dominta, wadda ake kira Baishui mai lamba ɗaya, ta tsattsage, ta yi toka-toka da ƙura. Kaɗan ne suka tsaya suka dube ta sosai. An fi juya mata baya, domin haka hoto yake fitowa.

Wannan ƙanƙara tana cikin waɗanda suka fi kusa da layin ikwaita, wato tsakiyar duniya inda zafi ya fi yawa, a duk faɗin nahiyar Asiya da Turai, kuma irinta ce mafi rauni. Sanyinta bai yi nisa da ma'aunin narkewa ba, don haka zafi kaɗan ya ƙaru sai ta fara zuba. Masana na Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin suna da tashar bincike a dutsen, sun daɗe suna aunawa. A shekarun 1950 curin ƙanƙara 19 aka ƙidaya a Yulong, a ƙidayar 2017 saura 13, kuma fiye da rabin faɗinsu ya tafi. Rahotannin da aka buga a 2018 sun ce Baishui kaɗai ta ja da baya da kimanin mita 250 tun daga 1982.

To laifin 'yan yawon buɗe ido ne? A nan nake rabuwa da masu cewa a kulle ƙofa a jefar da makulli. Babban abin da ke cinye ƙanƙarar Yulong shi ne ɗumamar yanayi ta duniya baki ɗaya, hayaƙin masana'antu da tashoshin kwal da motoci na ƙasashen da galibinsu ba su taɓa jin sunan Naxi ba, har da na ita ƙasar Sin ɗin kanta. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ya rasa sama da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙararsa tun daga 1912, alhali babu motar igiya a kansa. Akwai duwatsu da dama a Tibet da ba wanda ke zuwa, su ma narkewa suke yi. Hayaƙi da ƙurar da cunkoso ke tayarwa suna iya baƙanta fuskar ƙanƙara ta riƙa shan zafin rana, wannan gaskiya ne, amma ko yau aka kori kowa daga Yulong, Baishui za ta ci gaba da ja da baya. Hukumar wurin ma ta yi wani abu: ta hana taka ƙanƙarar, ta hana motocin mutane kaiwa tashar motar igiya, a 2018 kuma ta ƙayyade masu hawa sama a kan mutum dubu 10 a rana.

Dubu goma a rana. Wannan shi ake kira ƙayyadewa.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata a tuna daga inda Lijiang ta fito. Ranar 3 ga Fabrairun 1996 girgizar ƙasa ta rusa garin, ta kashe sama da mutum 300. Shekara ɗaya bayan nan, a 1997, UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Daga nan kuɗi ya fara shigowa, aka yi hanyoyi, aka kafa motocin igiya, daga baya jirgin ƙasa mai sauri ya iso daga Kunming. Iyalan da a da noman dankali da kiwo ne kaɗai hanyarsu, yau 'ya'yansu direbobi ne, masu yi wa baƙi jagora ne, masu masauki ne. Duk wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi yana cewa a mayar da su rayuwar jiya don dutse ya huta, ya fara gwada shekara guda a ƙauyen da ke mita 3,000 ba asibiti.

Inda nake da ƙorafi shi ne abin da aka mayar da tsarkin wurin. Ɗauki Yunshanping, wani fili mai ciyawa da itatuwa suka kewaye a kan dutsen, shi ma akwai motar igiya da ke kai mutane. A 1723 daular Qing ta karɓe mulkin Lijiang daga hannun sarakunan Naxi na gidan Mu, aka shigo da tsarin aure irin na Sinawa 'yan ƙabilar Han, wanda iyaye ke yanke wa yara tun suna ƙanana. Samari da 'yan matan Naxi da aka raba da masoyansu suka riƙa sulalewa su hau dutsen su hallaka kansu tare, da imanin cewa akwai wata ƙasa a can sama da babu auren dole a cikinta. Abin ya yi yawa har malaman Dongba suka keɓe wa irin waɗannan mamata hidima ta daban. Iyaye sun yi kuka a kan wannan fili. Yau kuwa da wannan labarin ake tallata shi a matsayin dandalin soyayya, kuma ango da amarya daga Shanghai da Chengdu suna zuwa yankin da mai hoto da mai kwalliya, amarya na karkarwa cikin farar riga a bakin tafkunan kwarin da ke ƙasa. A gindin dutsen akwai katafaren dandali inda ɗaruruwan mutanen ƙauyuka ke rawa da sukuwa a gaban baƙi, da dutsen a matsayin bango. Har filin wasan golf an gina. Rubutun Dongba kuwa ya koma ado a jikin riguna da maɓallin makulli, alhali masu iya karanta littattafan da gaske 'yan ƙalilan ne suka rage.

Za a ce ai su Naxi ɗin ne ke rawar, su ke sayar da rigunan, ba wanda ya tilasta su. Haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin mai gida da ya buɗe ƙofarsa ga baƙo da wanda aka ɗauka aiki a cikin gidan ubansa. A tsohon garin Lijiang da yawa daga cikin Naxi sun ba da gidajensu haya ga 'yan kasuwa daga wasu larduna sun koma sabon gari, saboda hayar ta fi ƙarfin a ƙi, hayaniyar mashaya kuma ta fi ƙarfin a jure. A kan dutsen, hukuma ce da manyan kamfanoni ke riƙe da ƙofa da motocin igiya. Ana ba ƙauyukan da ke cikin yankin wani kaso, ba a hana su gaba ɗaya ba. Amma samun kaso daban, samun ta cewa daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a tsarin mulkin ƙasar Sin ba kasafai ake tambayar mai ɗaki ba.

Ba abin da ba a taɓa yi ba nake nema. A cikin Yunnan ɗin nan, can arewa maso yamma, akwai dutsen Kawagebo wanda 'yan Tibet ke girmamawa. A watan Janairun 1991 wata tawagar mahaya duwatsu ta Sinawa da Japanawa ta yi yunƙurin kai wa ƙololuwarsa duk da rashin amincewar mutanen wurin, dusar ƙanƙara ta rufto ta binne mutum 17. Bayan shekaru goma aka haramta hawansa da doka, kuma har yau ba wanda ya taɓa taka kansa. Baƙi ba su daina zuwa ba. Suna tsayawa daga nesa su jira fitowar rana a kansa, ko su bi hanyar da masu ziyara ke kewaya shi. A Ostareliya ma, 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Anangu sun shafe shekaru suna roƙon a daina hawan dutsen Uluru, sai a watan Oktoban 2019 aka rufe hanyar hawan. Duniya ba ta tashi ba. Shi kansa Yulong, sau ɗaya tak aka san an kai ƙololuwar Shanzidou, wasu Amurkawa biyu a 1987, kuma yanzu ba a barin kowa ya gwada. Wato an riga an yarda akwai inda ƙafa ba za ta taka ba. Abin da ya rage shi ne wa ke shata layin, kuma a ina.

Da ni ake tambaya, da na ce a bar ƙofa a buɗe amma a rage yawan masu hawa can sama sosai, ko da tikitin zai ƙara tsada, a kuma sa wakilan ƙauyukan Naxi da malamansu a teburin da ake yanke adadin, da ƙuri'a a hannunsu. A ba su ikon cewa wannan fili ba na hoton aure ba ne, wannan rana ta bikin Sanduo ba a kiɗa a nan. Kuma a ware wani kaso sananne na kuɗin ƙofa don ruwa. Domin ranar da ƙanƙarar ta ƙare, kamfanin motar igiya zai nemi wani abin ya sayar, fitowar rana ko gajimare, amma manomin da ke ƙasa, wanda ramukan ruwansa ke samun ƙarin ruwa daga narkewar dutsen a lokacin zafi, ba shi da wani dutsen. Tafkin Heilongtan da ke bakin tsohon gari, wanda hotonsa da dutsen a bayansa ya zama tambarin Lijiang, ya sha ƙafewa a shekarun baya-bayan nan sakamakon fari da yawan jan ruwa. Garin da aka gina a kan magudanan ruwa ya fara sanin ƙishi.

Na san wani mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da dutsen da ake bauta wa? Na farko, 'yan'uwanmu da ke karatu da kasuwanci a ƙasar Sin suna da yawa yanzu, kuma wasunsu suna zuwa irin waɗannan wurare lokacin hutu. Na biyu, girmama abin da wani ya ɗauka da tsarki ba yarda da shi ba ne. Alƙur'ani a cikin Suratul An'am ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ba wanda ya ce ka rusuna wa dutse ko ka ƙona turare. Amma ba sai ka yi ihu a inda suke yin shiru ba, ba sai ka jefar da gwangwani a inda suke ganin kan majiɓincinsu ne ba. Mu da muke jin zafi in baƙo ya shigo masallaci da takalmi yana ɗaukar hoto, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu kai tsaye wadda ba mai sayar da tikiti a Lijiang da zai faɗa maka, domin ba ciwon mutanensu ba ne. Sikila. Mai ɗauke da SS bai da abin yi a mita 4,500, ko da gwangwani goma ya saya. Mai AS ma, wanda yake ganin lafiyarsa ƙalau, ƙarancin iska a irin wannan tsayi yana iya toshe masa jijiyoyin jinin saifa, ya ji wani ciwo mai tsanani a gefen hagu na cikinsa. Likitoci sun san wannan, an sha ganinsa a wajen masu hawa duwatsu, kuma hatsarin ya fi yawa in aka hau da sauri, wanda shi ne ainihin abin da motar igiya ke yi: mita dubu da ɗoriya cikin mintoci, jiki bai sami damar sabawa ba. A ƙasarmu Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, da yawa kuma ba su taɓa gwadawa ba. Duk wanda ke shirin zuwa ya san ko shi AA ne, ko AS, ko SS tukuna, ya kwana biyu a Lijiang jikinsa ya saba, ya sha ruwa sosai, in kai ya fara sarawa ko amai ya taso ya sauko nan take.

In kuma likita ya hana ka hawa, ba ka yi asarar da kake tsammani ba. A ƙauyen Yuhu da ke gindin dutsen, inda aka gina gidaje da duwatsun wurin, nan wani masanin tsirrai ɗan Amurka haifaffen Ostiriya, Joseph Rock, ya zauna tun daga shekarun 1920, yana tattara littattafan Dongba har ya bar ƙasar a 1949, kuma gidansa yana nan ana shiga. Daga Yuhu da Baisha ana ganin dutsen gaba ɗayansa, abin da wanda ke tsaye a kan matakalar katako ba ya gani. Abincin da za ka ci da ɗakin da za ka kwana a can, galibi kuɗinsu a ƙauyen yake tsayawa. A bayan dutsen kuma akwai kwazazzabon Hutiao, inda kogin Jinsha, wato farkon kogin Yangtze, ya ratsa tsakanin Yulong da dutsen Haba, ana bin hanyarsa a ƙafa kwana biyu, ana kwana a gidajen mutanen wurin.